Kwalabe Huɗu da Cinzia Ta Bari

Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Nuwamban 2009, Amedeo Tarditi ya tashi da ƙarfe shida da rabi, kamar yadda ya saba tun yana koyar da kemistiri a sakandare. Ya ɗora kofi, ya buɗe taga, ya ga hazo ya shafe tsaunukan da ke bayan Torino. Bai ji komai a jikinsa ba. Daga baya ya sha bin wannan yinin awa-awa yana neman inda alama ta ɓuya, kuma ga abin da ya iya tattarawa.

Bakwai da rabi aka bugi ƙofa da ƙafa. Cinzia ce, 'yarsu tilo, mai shekara talatin da takwas, wadda ke zaune ita kaɗai a hawa na biyu na benensu, shi da matarsa kuma suna na huɗu. Kwando a hannu ɗaya, jakar kasuwa a ɗayan. Ta ɗauki kofin ubanta ta shanye rabi a tsaye.

"Papa, sa takalmi. Yau kai ne jakina."

"Shekara talatin da shida ina koyar da 'ya'yan mutane, ƙarshenta jaki."

"Jaki mai digiri. Yi maza kafin mai zaitun ya sayar da na kirkin."

Uwarta, Nives, tana kicin, ta riga ta baje tafarnuwa a kan teburi, dunƙule goma sha biyu, ɗaya ga kowane baki. Asabar ta uku a Nuwamba ranar banya kauda ce a gidan Tarditi tun kafin a haifi Cinzia. Mutum goma sha biyu ke zagaye teburi, tukunyar tafarnuwa da kifin gishiri na tafarfasa cikin man zaitun a tsakiya, kowa na tsoma ɗanyen ganye. Daga ƙarfe takwas zuwa sama gidan na Nives ne. Amma awa ɗayan nan da ke gaban takwas, lokacin da baƙi ke shigowa da sanyi a kafaɗunsu ana miƙa musu abin buɗe ciki, ta Cinzia ce tun tana shekara goma sha tara. Iyakar da ke tsakanin uwa da 'ya ba mai taka ta.

"Kada ki cika min cikinsu," Nives ta ce ba tare da ta ɗago ba.

"Yaushe na taɓa?"

"Shekarar da kika soya burodi da cuku."

"Mamma, shekara goma sha biyar fa ke nan."

"Ni dai ban manta ba."

Ƙarfe tara suna kasuwar Porta Palazzo. Cinzia ta ɗanɗana zaitun a rumfa uku kafin ta saya a ta huɗu, giram ɗari uku kacal. Amedeo ya yi lissafi a kansa ya ga biyar-biyar zai kama. Ya ce mutane za su ɗauka sun talauce. Ta ce a'a, za su ɗauka Mamma ta fi kowa iya girki, don wanda ya ƙoshi a falo ba ya yabon teburi. Ta ƙara da siraran sandunan burodi da lemo biyu masu kaurin ɓawo, ta loda masa kayan miyar uwarta, suka hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, suka dawo.

Sha ɗaya suka sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. A can take ajiye bermut, abin shan buɗe cikin da take haɗawa da hannunta duk shekara, kwalba shida. Farar giyar inabi ce tushensa. A ciki take jiƙa tazargaden da take tsinkowa a tsauni cikin Agusta, da saiwar wani furen dutse, da kirfa, da kanumfari, da ɓawon lemo, da wasu ganyaye da Amedeo bai san sunansu ba, sannan ta rufe da ƙonannen sukari. Ta zaro biyu ta goge su da gefen rigarta. Huɗu suka rage a kan katako, na Kirsimeti da sauran bukukuwan shekara.

"Sau nawa zan ce ki rubuta?" ya ce. "Giram nawa na wannan, kwana nawa na wancan. Ga sikelina can yana cin ƙura."

"Tazargaden bana ba irin na bara ba ne, Papa. Me zan rubuta? Harshena ne sikelin."

"Harshe ba ma'auni ba ne."

"Riƙe min fitilar."

Ƙarfe ɗaya suka sha miyar shinkafa su uku, sama-sama. Ƙarfe uku ta zauna a gefen taga tana fere ɓawon lemo siriri-siriri, sai ta kai hannu ƙeyarta sau ɗaya. Ko ƙeyar ta shafa, ko gashi ta gyara, Amedeo ba zai iya rantsuwa ba.

Ƙarfe biyar aikin da ya fi tsana ya zo. Duk shekara sai ta sa shi ya kwashe kujerun falo ya jibge su a ɗakin barci, wasu ma a kan gado. Uku kaɗai take bari, kowace a kusurwarta, don tsofaffi. Kwalabe da kofuna ta jera su a kan ɗan teburi kusa da ƙofa, zaitun da burodi kuma can ƙurya wajen taga.

"Wai me kujerun nan suka yi miki?"

"Ba su yi min komai ba. Ɗauki waccan ma."

Bakwai saura biyar Osvaldo ya fara isowa da matarsa, kamar kullum. Abokin Amedeo ne tun suna firamare, tsohon bakaniken tiram, bakinsa ba ya rufuwa. Bayansa sai Pierina, yayar Nives, tana haki tana zagin wanda ya gina bene ba lif. Sannan Dokta Bosio, likitan gidan, wanda tsakaninsa da Osvaldo ba a ga maciji a kan maganar ƙwallo: ɗaya ɗan Juve, ɗaya ɗan Toro tun daga ciki. Kafin bakwai da kwata falon ya cika da hayaniya. Cinzia tana ratsa su da kwalba a hannu. Ta ba wannan ƙanƙara ya kai wa wancan, ta ja matar likita ta nuna mata wani abu ta taga ta bar ta tare da matar Osvaldo, ta raɗa wa Pierina wata magana da ta sa tsohuwar ta ƙware don dariya.

Ta zuba wa ubanta, ta murɗa ɓawon lemo a kai, ta tsaya. Ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Ya ɗan fi na bara ɗaci."

"Bara ma haka ka ce."

"Farfesa ai ko aljanna aka kai shi sai ya ce an ɗan cika haske," in ji Osvaldo.

Takwas daidai Nives ta buga ludayi a jikin tukunya, aka ɗunguma zuwa teburi da yunwa. An ci, an yaba. Da aka watse Cinzia ta wanke kofunanta da kanta, don ba ta yarda wani ya taɓa su, ta sumbaci uwarta, ta ce gobe za ta hawo shan kofi da goma.

Goma ta yi ba ta hawo ba. Sha ɗaya Nives ta sauka da mabuɗi. Ta same ta a ƙasan kicin, takalmi ɗaya a ƙafa. Likitoci suka ce wata jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, kuma mai yiwuwa da raunin aka haife ta. Ba ta farka ba. Ta rasu ranar Talata da azahar.

Idan aka ce a ba da tarihinta, rabin shafi ya isa. An haife ta a Afrilun 1971. Duk hutun bazara a ƙauyen kakarta Delfina take yinsa, can cikin kwarin Varaita, kuma a wajen tsohuwar ta koyi sanin ganye ta hanyar tauna shi. Tana da shekara bakwai an taɓa saukowa da ita asibiti a guje saboda wannan. Ta shiga jami'a karatun haɗa magunguna don ta faranta wa ubanta, ta yi shekara biyu, ta bari.

"Ina iya cin jarrabawar, Papa," ta ce masa. "So ne ba na yi."

Mako goma sha ɗaya ya yi ba ya ce mata komai sai ina kwana. Shi ya ƙirga su, ita ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta sami aiki a wani shagon tabarau, ta yi shekara goma sha bakwai a wurin. Tsofaffin unguwa kan zauna su jira ta ko da akwai wani ma'aikaci ba ya komai, don ita ce ke tuna sunan jikokinsu da kunnen da ya fi ɗaya tudu. An taɓa yi mata baiko da wani Tullio, wanda ya sami aiki a Jamus. Ta ziyarce shi sau biyu ta dawo ta cire zoben. Abin da kawai ta faɗa shi ne, a gidan da ya kai ta mutane na shigowa su zarce teburi kai tsaye kamar masu biyan haraji. Tana tsoron karnuka. Tana hawa keke ko ana ruwa. Ba ta iya waƙa ba, kuma ba ta daina yi ba.

Kwanakin makoki mutane suka cika falon. Aka kawo kujeru har daga maƙwabta, aka zauna a da'ira, hannuwa a kan gwiwa, ana magana ƙasa-ƙasa. Da suka daina zuwa, Nives ta kulle gidan hawa na biyu. Duk Alhamis takan sauka ta share, ta goge, ta mayar da kowane abu daidai inda ta ɗauke shi. Game da kwalabe huɗun nan kuwa magana ɗaya ta yi: kada wanda ya taɓa su.

Nuwamban 2010 ya zo ya wuce ba a sayi tafarnuwa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Amedeo bai buɗe kwalaben ba, amma bai zauna haka ba. Ya kakkaɓe sikelinsa. Yakan bi bayan Nives ran Alhamis ya ɗebi ɗan tsunkule daga gwangwanayen ganyen Cinzia, waɗanda ba ko ɗaya mai rubutu a jiki. Sau goma sha huɗu ya gwada, yana rubuta komai har zafin ɗaki. Wani ya fito kamar maganin zazzaɓi, wani kamar ruwan alewa. Na goma sha ɗaya ya ɗan yi kama, ko kuwa shi ne ya so ya yi kama. Ba shi da abin gwadawa sai tunaninsa, shi kuwa tunanin kullum raguwa yake.

Abin da ya fi hana shi sukuni wani ne daban. Duk farkon wata yakan ɗaga kwalba ɗaya a gaban ƙwan fitila, ba tare da ya girgiza ta ba. Da farko launin zuma ne. Shekara na zagayowa ya koma launin shayi. Ya san me ke faruwa, don shekara talatin da shida yana zana shi a allo: iska na shiga ta toshiyar kaɗan-kaɗan, ƙamshin lemo ne zai fara tafiya, sannan na furanni, daga ƙarshe a bar ruwa mai tsami. Cinzia ba ta haɗa abinta don ajiya ba. Na shekara ɗaya take yi. Abu na ƙarshe da ya rage a duniya da ɗanɗanon hannunta yana lalacewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, shi kuma ya kasa gaya wa matarsa.

Ranar biyu ga Nuwamban 2011, ranar ziyarar matattu, Amedeo da Nives suka tarar da Osvaldo a bakin kabarin Cinzia ya riga su, yana gyara furanni da manyan yatsunsa. A hanyar fita ya gyara murya.

"Sinyora Nives, shekara biyu ke nan bakina bai yi warin tafarnuwa ba. Matata ta fara zargin na yi budurwa."

Nives ta ƙara sauri ta bar su a baya.

"Na yi ɓarna ko?" Osvaldo ya ce.

"Ka yi."

"To ai gara ni, an saba. Kai ba za ka taɓa faɗa ba."

Da suka isa gida Amedeo ya sauka ya hawo da kwalba ɗaya. Ya ajiye ta a kan taga inda rana ke bugawa. Nives ta tsaya a bakin ƙofar kicin da mayafinta a hannu.

"Na ce kada a taɓa."

"Dubi launinsa, Nives. Ke kin san yadda yake a da."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Idan aka sha, shi ke nan ya ƙare," ta ce.

"Ko ba a sha ba ƙarewa yake yi. Wata shida, ko shekara in ya daɗe. Bayan nan sai dai mu riƙa gadin kwalba."

"Kai komai sai ka auna."

"Wannan da zan iya, da ban auna ba."

Kwana uku suka wuce. A na huɗu yana karanta jarida ta ajiye masa takardar cefane a kan gwiwa.

"Zan yi girki," ta ce. "Amma ba zan fito falo ba sai takwas. Wannan awar ba tawa ba ce. Kai ka nema, kai za ka yi."

Ya shirya mata kamar yadda yake shirya darasi. Ya rubuta komai a jere da lokacinsa. Ya tuna rumfar zaitun ta huɗu, ya tuna kaurin ɓawon lemo, ya sa kofuna a firji tun huɗu. Amma ya ga giram ɗari uku rowa ce a irin wannan rana, ya sayi kilo guda, ya ƙara da cuku iri biyu da yankakken busasshen nama. Da biyar ta yi ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon kujeru. Ya ce a ransa kowa ya ƙara tsufa, likita ma gwiwa ta fara damunsa, ba zai tara mutane a gidan da aka yi rashi ya bar su a tsaye ba. Ya bar su, ya ƙaro uku daga ɗakin cin abinci, ya jawo teburi tsakiya ya haɗa kwalabe da abinci wuri ɗaya don kowa ya miƙa hannu ya samu. Da ya leƙa kicin ya ga tafarnuwa dunƙule goma sha biyu a jere. Su goma sha ɗaya ne.

Suka iso cikin tufafi masu duhu kamar sun haɗa baki. Kowa ya rungume shi, ya nemi kujera, ya zauna. Ya buɗe kwalbar farko, ya zagaya yana zubawa. Suka karɓa da hannu biyu suka ɗora a kan gwiwa. Ba wanda ya kai baki. Matar likita ta ce sanyi ya shigo da wuri bana, wani ya ce haka ne. Osvaldo yana kallon takalminsa. Ƙanƙara tana narkewa a cikin abin da ba za a ƙara samun irinsa ba, Amedeo yana ji kamar a cikin ƙirjinsa take narkewa. Ya duba agogo: bakwai da minti ashirin. Ya ɗago ya dubi da'irar, ya gane ta. Ko wurin zaman kowa bai sauya ba daga na kwanakin makoki.

Ƙofar kicin ta buɗe. Nives ta fito da ludayi a hannu, fuskarta ja saboda tururi.

"Na ji shiru, na ɗauka kun gudu." Ta dubi falon. "Amedeo, wa ya ce ka bar waɗannan?"

"Na ga mutane sun manyanta."

"Shekara nawa kana kwashe kujerun nan, ba ka san dalili ba? Wanda ya zauna ai ya zama baƙo, sai a yi ta lallashinsa. Kuma ka haɗa musu sha da ci wuri ɗaya, me zai tashe su?" Ta ɗaga ludayin. "Osvaldo, tashi. Dokta, kai ma, gwiwar nan ba yau ta fara ba. Pierina kaɗai na yafe wa. Ku kai su ɗaki, a kan gado ma ku ɗora. Wannan cukun kuma a mayar min da shi kicin kafin a kashe min girki."

Aka miƙe a rikice, kofi a hannu ɗaya, kujera a ɗayan. Osvaldo da likita suka isa ƙofar ɗaki lokaci guda, ƙafafun kujerunsu suka sarƙe.

"Matsa mana, Dokta. Ku 'yan Juve ko a ƙofa sai an ba ku hanya kyauta?"

"Ku kuwa kun saba zama a baya, me ya dame ka?"

Wata ta yi dariya ta toshe baki, sai ta ga Nives ma tana murmushi, ta saki. Matar Osvaldo ta ɗauki kwanon zaitun ta kai can wajen taga ba wanda ya sa ta. Don kada abin hannunsa ya zube, likita ya kurɓa, ya tsaya cak a tsakiyar falo, ya rufe ido. Daga nan kowa ya sha.

Amedeo ne na ƙarshe. Ƙamshin lemon ya kusa tafiya, na furanni saura kaɗan can ƙasa. Ɗacin tazargaden kuwa yana nan daram, mai tsabta, yana zuwa a ƙarshe daidai lokacin da zaƙi ke shirin yin yawa. Sau goma sha huɗu ya nemi wannan wurin da sikeli bai same shi ba.

"To, Farfesa?" in ji Osvaldo a hankali. "An cika haske?"

"Ya riga ya fara tafiya," Amedeo ya ce. "Da kun ji shi lokacin da yake sabo..."

"Mun ji ai," Pierina ta ce daga kusurwarta. Ita ba ta taɓa iya rage murya ba. "Mun kuma gaya mata ya yi daɗi. Kai ne ba ka gaya mata ba."

Amedeo ya dubi cikin kofinsa. Gaskiya ce. Sai ya ji Nives a gefensa. Ta karɓi kofin daga hannunsa ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye.

"Ta taɓa ce min, ranar da Papa ya ce ya yi daɗi za ta kira masa Dokta Bosio, don lallai ba lafiya ba." Ta mayar masa da kofin. "Zuba wa mutane. Saura minti ashirin da biyar, ni kuma ba na jira."

Ba ta koma kicin ba sai takwas saura biyar. Kwalba uku aka sha a awar nan maimakon biyu. Ta huɗun su biyu suka sha, ɗan kaɗan kowace yamma, ta ƙare ranar tara ga Disamba.

Bayan sabuwar shekara, wata Alhamis, Nives ta sauka hawa na biyu da kwalaye maimakon tsintsiya. Mako uku suka yi suna aikin, ba sa wuce awa biyu a rana. Tufafi aka kai coci, ban da wata rigar sanyi shuɗiya da Nives ta gwada ta ga ta yi mata, take sawa zuwa kasuwa. Keken ya tafi wajen wata ma'aikaciyar jinya da ke hawa na ɗaya. Littattafan jami'a, waɗanda Amedeo bai san ta ajiye su ba, ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ta ja layi har shafin ƙarshe na kowanne, sannan ya kai su laburaren tsohuwar makarantarsa. Wasiƙun Tullio guda tara Nives ta ƙona ba ta karanta ba. Gwangwanayen ganye Pierina ta shinshina ta ce ai duk sun zama ciyawa, aka juye su a gindin itacen da ke tsakar bene. Gado da teburi aka bar wa ma'auratan da suka shiga gidan a watan Maris.

Farar rigar aikinta Amedeo ya ninke ya kai wa mai shagon tabarau, matar ta karɓa tana kuka. Kafin ya miƙa ya laluba aljihun ƙirji ya sami ɗan sukundireba, bai kai tsawon ashana biyu ba, wanda ake ɗaure ƙusoshin tabarau da shi. Ya tambaya ko na shago ne. Matar ta ce a'a, Cinzia da nata ta zo. Yanzu sukundireban yana cikin aljihun teburin Amedeo. Duk bayan 'yan makonni hannun tabaransa na hagu yakan yi sako-sako, sai ya cire ya ɗauko sukundireban. Amma in ya cire tabaran ba ya ganin ƙusar, don haka sai ya kai wa Nives kicin ta ɗaure masa, shi kuma ya tsaya yana jira.